Saiwar orkide ta ruɓe bayan sanyin hunturu, za ta tashi kuwa?

Mai tambaya, daga Ngaundere: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da furen orkide a bakin taga, mai faffaɗan ganyen nan da ake kira Phalaenopsis. Tun Disamba nake ba ta ruwa duk bayan kwana biyu saboda bushewar iska. Yanzu ganyen ya yi yaushi, tukunyar har wari take. In ƙara ruwa ne?

Amsa daga Garwa: Wa alaikumus salam. Hajiya, ko ɗigo kada ki ƙara. Ƙishi take ji, amma saiwar da za ta sha da ita ce ta mutu. Idan sanyin dare ya yi ƙasa da digiri 15, shan ruwanta raguwa yake, gansakukar da masu sayarwa ke cusawa a tukunya kuma ba ta sakin laima, sai saiwa ta rasa iska ta ruɓe. Zare ta yau, ki wanke, ki matsa kowace saiwa da yatsa. Mai tauri, koriya ko fara-fara, tana da rai. Wadda ta yi laushi, fatarta na saɓulewa ta bar zare kamar gashi, ki yanke da sabuwar reza da kika goge da alkol, har ki kai inda yake lafiya. Sandar furen ma ki cire, ƙarfinta take zuƙewa.

Amsa daga Marwa: Ƙari kaɗan, Hajiya. Ki bar ta ta sha iska a inuwa kwana ɗaya. Ban da ƙasa, ban da taki. A kan bishiya take tsirowa a daji. Ga haɗin da za ki sake shuka ta a ciki: gawayi gutsi-gutsi kamar gyaɗa kashi 1, ɓawon kwakwa kashi 2 (a jiƙa shi kwana 3 ana sauya ruwa, gishirinsa ya fita), tsingaro a ƙasan ƙaramar tukunya mai ramuka. Garin kirfa a bakin yankan sandar kaɗai, in ya taɓa saiwa busar da ita yake.

Mai tambaya: Na gode Malam. Saiwa biyu kacal suka rage.

Amsa daga Garwa: Sun isa. Ki kifa mata farar leda mai 'yan huji, ki janye ta daga taga da dare, haske kuma ban da rana kai tsaye. Ruwa da safe, mai ɗan ɗumi, sai gawayin ya bushe, wajen kwana 7, kuma kada ya kwanta a tsakiyar ganye. Sabuwar saiwa kan ɗauki wata 1 zuwa 2 kafin koren bakinta ya leƙo. Kada ki riƙa tonowa kina dubawa.