Taswirar DNA ta haske: a tura ɓargo ko a haƙura?

Ɗalibi, Gusau: Salamu alaikum malamai. Aikina kan sankarar jini ne, akwai kuma 'yan samfuran kwalara a ajiye. Shugaban sashe ya ce in duba taswirar DNA ta haske, irin ta na'urar Saphyr. Ta isa ta maye gwajin kromosom da FISH (gwajin haska wani yanki na kromosom da rini)? Za ta yi wa kwalarar ma?

Dakta, sashen jini: Wa alaikumus salam. Ga ɓargo tana da amfani, ga kwalara asarar kuɗi ce.

Baban Lab: Yaro, bar maganar na'ura tukuna, aikin nan a wurin ɗibar samfur yake mutuwa. Na'urar ba ta karanta haruffan DNA ɗaya bayan ɗaya. Enzayim ɗin DLE-1 ne ke liƙa ɗigon haske duk inda ya tarar da jerin haruffan CTTAAG, kamar ɗigo 15 a kowane kb 100 (kb ɗaya harafi dubu ne), sai a miƙe zaren DNA ɗin cikin siririyar hanya a ɗauki hoto, a gwada jerin ɗigon da na lafiyayyen mutum. To in zaren ya guntule, me za a gwada? Duk wanda bai kai kb 150 ba kwamfuta watsar da shi take yi, kuma ana son N50, wato ma'aunin tsawon zaruruwan, ya kai wajen kb 230.

Saboda haka kwalbar EDTA, mai hana jini daskarewa, za ka ɗiba. In a kwalbar hefarin, wani maganin hana daskarewar, aka zuba ɓargon, sai an ƙara masa ruwan kare DNA na kamfanin kafin a daskarar. Kada ya daɗe a firij, a kai shi firizar -80. Ta -20 ba ta yi, balle wadda ake ɗauke wa wuta ta narke da rana ta sake kamawa da dare. Kowace narkewa fasa sel take yi, enzayim ɗin cikinsu su yi ta datsar zaren. Sel miliyan 1.5 ake buƙata, ƙirga su kafin ka daskarar. Wurin ciro DNA ɗin kuwa ba a kusantar na'urar girgiza, bakin fifet (bututun ɗibar ruwa) mai faɗi kawai, a hankali. DNA ɗin zai fito da yauƙi kamar miyar kuɓewa, sai ya kwana ya daidaita. Auna wuri uku da Qubit, na'urar auna yawan DNA, in lambobin sun yi nisa da juna bai gauraya ba, kada ka ɗebi nanogram 750 ɗin da za a liƙa wa ɗigon haske daga ciki. Naman da aka sa a fomalin aka dasa a kakin zuma, manta da shi.

Na Argungu: Ƙanƙara dai muna da ita, in a kai Sakkwato ne ko Zariya.

Anti, ƙwayoyin cuta: Ta kifi? Malam, busasshiyar ƙanƙara ake nufi, mai -78. Taku a watan Afrilu ko Jega ba za ta kai ba 😂

Na Argungu: Anti, a bar kifinmu ya huta.

Dakta, sashen jini: Ƙanena, ribar taswirar ita ce kamo sauyin wurin da gwajin kromosom ba ya gani da ido, irin t(12;21) na yara (musayar yanki tsakanin kromosom 12 da 21) da haɗewar ƙwayoyin gado NUP98::NSD1, ko gano wanda ƙwayar gadon KMT2A ta haɗu da shi, a gwaji ɗaya maimakon FISH biyar. Ka nemi zurfin ninki 400, wato a maimaita duba kowane wuri kamar sau 400, shi ke kamo sauyin da ya kai kashi 5 cikin 100 na DNA ɗin samfurin. Amma ba ta ganin sauye-sauyen NPM1 ko FLT3-ITD, sun yi ƙanƙanta. Karayar da ta faɗa tsakiyar sentromiya, wato ƙugun kromosom, ma tana kuɓuce mata. In kuma ana zargin t(15;17), a fara maganin ATRA a tura PCR (gwajin ninka DNA), ba a jiran taswirar da ke cin kwanaki.

Mai nazarin nama: Ranka ya daɗe, sankarar Burkitt fa? t(8;14) tana fitowa?

Dakta, sashen jini: Tana fitowa, in an daskarar da naman ɗanye, kamar miligram 10. Ku ne kuke tsoma komai a fomalin tun a tiyata.

Mai nazarin nama: In ba mu tsoma ba, da wace firizar za mu riƙe shi? A yi mana adalci.

Anti, ƙwayoyin cuta: Kan ƙwayoyin cuta irin kwalara kuwa, da can an yi irin wannan taswira. Hanyar David Schwartz ta 1993 yanka zaren take da enzayim a kan gilashi, an kuma bi ta kan E. coli na annobar Jamus a 2011. Yanzu MinION, na'urar karanta jerin haruffan DNA, ta rufe wannan ƙofa. Vibrio, ƙwayar kwalara, kromosom biyu gare ta, duka kamar harafi miliyan 4, dogon karatu zai haɗa maka su ya nuna sunan ƙwayar gadon da ke kawo bijirewa magani. Taswira wurin da aka juya ko aka cusa kawai za ta nuna. Sankarau nau'in C na 2017 ma da karanta jerin DNA aka tantance zuriyar ƙwayar cutarsa.

Baban Lab: Hajiya, MinION ɗin ma dogon zare take so. Duk kanwar ja ce.

Ɗalibi, Gusau: Na gode. To ɓargon da ya yi wata 3 a -20 fa?

Baban Lab: Yi PCR da shi.

Na Argungu: Wa ke da lambar mai gyaran inbata? Tamu ta fara kuka tun jiya.