Ƙwannafi bayan tiyatar rage ƙiba: a ci gaba da magani ko a koma asibiti?

Yar_Kawo: Assalamu alaikum. Yayata ce aka yi wa tiyatar rage tumbi, irin wadda ake yanke mafi yawansa a bar shi siriri. Wata biyar ke nan. Ƙiba na sauka, sai dai ƙwannafi ya hana ta barci, har ruwa mai tsami na tasowa maƙogwaro da dare. Da can ba ta da wannan matsalar. Mene ne abin yi?

Likitan_Ciki_KD: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba ta lafiya. Wannan tiyatar an san ta da haka. Ana cire kusan kashi 80 cikin 100 na tumbi, abin da ya rage ba ya buɗewa kamar da, don haka matsi ke ƙaruwa a ciki. Ƙofar da ke tsakanin tumbi da bututun abinci ita ma takan yi rauni, sai ruwan tsami ya samu hanyar hawowa. Wani lokacin kuma saman tumbin ne ke zamewa ya shige ƙirji, ko tsakiyarsa ta ƙuntace.

Maganin farko omeprazole ne ko pantoprazole. Inda mutane ke kuskure shi ne lokacin sha: minti 30 kafin karin kumallo, ciki babu komai, ba sai ƙwannafi ya taso ba. Likitanta ne zai sa mata adadin, yawanci miligiram 20 zuwa 40 na omeprazole. In an yi mako takwas ba sauƙi, a zura kyamara ta baki a duba. Ku nemi ganin likitan ciki a asibitin Barau Dikko da ke Kaduna ko na Shika da ke Zariya, ku tafi da takardun tiyatar.

Maman_Abinci: Ƙari kan bayanin Dokta. Ta bar shan ruwa lokacin cin abinci, ta jira minti 30 bayan ci. Loma ƙanana, a tauna sosai, a tsaya kafin a ji an cika. Tuwon dare a ci shi awa uku kafin kwanciya. Ba ƙara matashi za a yi ba, wannan lanƙwasa ciki yake yi. A ɗaga ƙafafun gado na wajen kai da bulo, santimita 15 zuwa 20, ta kwanta a gefen hagu. Lemon kwalba mai iska, goro, kofi, yaji, soye-soye, a ajiye su tukuna. Kanwa kuwa, don Allah kar a jiƙa mata.

Mai_Kemis_TudunWada: Wanda ya fi damuna su ibuprofen, diclofenac da piroxicam da ake saye don ciwon jiki. Suna iya haifar da gyambon ciki. Farasitamol ya ishe ta. Daɗewa kan omeprazole kuma na rage shigar sinadarin ƙarfe, kalsiyam da bitamin B12 jiki, ga tiyatar ma ta riga ta rage su, saboda haka a riƙa gwajin jini.

Yar_Kawo: Na gode ƙwarai. Dokta, in maganin ya ƙi fa?

Likitan_Ciki_KD: Magani tsamin yake ragewa, ba ya gyara ƙofa. In kyamara ta nuna bututun ya ƙone sosai, akan mayar da tiyatar zuwa wadda ake haɗa ƙaramin tumbi da hanji kai tsaye, ita ce ta fi kashe ƙwannafi. Amma baƙin bayan gida, aman jini, abinci na maƙalewa, ko amai da ya ƙi tsayawa, waɗannan ba a jiran mako takwas, a ranar za ku kai ta asibiti.