Gada a bayan kwanar kogi: 1D zai wadatar ko sai 2D?

Assalamu alaikum, injiniyoyi. Ina lissafin ambaliya da HEC-RAS, manhajar kwamfuta ta lissafin gudun ruwa a kogi, don wata gada da ke kusan mita 80 bayan kwana. Faɗin kogin mita 60, radiyon kwanar kamar mita 200, gudun ruwa ya kai mita 3 a daƙiƙa. Na yi da 1D (lissafin da ke bin tsawon kogi kawai, saɓanin 2D mai lura da tsawo da faɗi), amma yana ba ni tsayin ruwa iri ɗaya a gaɓa biyu, alhali alamar ambaliya ta fi hawa a gaɓar waje ta kwanar. A ba ni shawara.

Wani tsohon injiniya: Wa'alaikumus salam, ƙanena. Haka 1D yake, yana ɗaukar fuskar ruwa a shimfiɗe daga gaɓa zuwa gaɓa. Amma bambancin ba abin tsoro ba ne. Ninka gudun da kansa, ninka da faɗin, raba da 9.81 (ƙarfin jan ƙasa) sau radiyo: za ka samu kusan santimita 28. Ƙara shi a ratar da za ka bari ƙarƙashin gada.

Abin da ya fi damuna ginshiƙai ne. Ruwan da ya fito daga kwana ba ya dukan ginshiƙi kai tsaye, a karkace yake zuwa. A teburin HEC-18, littafin jagora kan ƙwaƙulewar ƙasa a gindin gada, ginshiƙin da tsawonsa ya ninka faɗinsa sau 8, karkatar digiri 15 kaɗai tana ninka zurfin ƙwaƙulewar ƙasa sau 2. A digiri 30 kuma 2.75. Wannan kusurwar 1D ba zai ba ka ita ba, kai za ka ƙiyasta, kuma tana canzawa idan ruwa ya haye gaɓa ya yanke kwanar.

Wata malamar jami'a: Na yarda da Injiniya, ka koma 2D. Tun sigar 6.0 ta HEC-RAS ana iya sa gada a cikin 2D. Sai dai kada ka bar shi a Diffusion Wave, wato sauƙaƙƙen tsarin lissafin, domin yana watsi da ƙarfin tunkuɗar ruwa, tudun ruwan kwana ba zai fito ba. Zaɓi SWE, tsarin da ke lura da wannan ƙarfin, ka ƙanƙanta gidajen ragar da 2D ke raba kogin da ita kusa da ginshiƙai, ka jera su bin hanyar ruwa.

Mai tambaya: Na gode, Malama. To 2D ya gama komai ke nan?

Malamar: A'a. A kwana ruwan sama yana tafiya wajen gaɓar waje, na ƙasa yana komawa ciki ɗauke da yashi. 2D matsakaicin zurfi yake lissafawa, bai ganin wannan murɗawar sosai, don haka zai iya nuna maka zaizayar gaɓar waje ƙasa da yadda take. Idan gadar babba ce, sai 3D, mai lura har da zurfi, ko samfurin gwaji a ɗakin bincike.

Wani mamba: Kafin duk wannan, ka auna ƙasan kogin da kanka a kwanar. Taswirar tauraron ɗan'adam ba ta ganin ramin da ke ƙarƙashin ruwa. Sannan ka duba tsoffin hotunan sama, ka ga ko kwanar tana matsowa wajen gadar.