"Suna linzami ne": wa yake jan wa?

Baban Husna: Assalamu alaikum. Ina roƙon 'yan'uwa su taya ni duba wata karin magana da ta kusa ɓata mana taron suna ranar Juma'ar da ta gabata a Unguwar Rogo da ke nan Jos. Ƙanena Musa ya samu ƙaruwar ɗa namiji, aka raɗa wa yaron Ahmad. Liman yana shafa fatiha, goro bai ma gama zagayawa ba, sai Kawunmu ya ce shi ke nan, an haɗa Ahmad da Musa, mun samu ɗan ƙwallo irin Ahmed Musa a gida, domin suna linzami ne. Da murmushi ya faɗa, amma duk wanda ya san Kawu ya san har yau bai yarda ƙwallo sana'a ce ba. Musa ya ji zafin maganar, ya ce shi sunan Fiyayyen Halitta ya sa wa ɗansa, in kuma takwara ake nema ga Sardauna Ahmadu Bello nan, kuma kama da wane ba wane ba ne. Da ƙyar manya suka kashe wutar. Abin da nake son sani shi ne, shin Kawu ya ajiye karin maganar a gurbinta kuwa?

Malam Na Gangare: Wa alaikumus salam. Allah Ya raya Ahmad bisa tafarkin mai sunan. Kawu bai ƙirƙiri maganar ba, tana da madogara. A cikin Sahihul Buhari an kawo cewa kakan Sa'idu ɗan Musayyib ya zo wurin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, aka tambaye shi sunansa ya ce Haznu, wato mai tsauri, Annabi ya ce a'a, kai Sahlu ne, shi kuwa ya ce ba zai sauya sunan da mahaifinsa ya sa masa ba. Sa'idu ya ce tun daga nan tsauri bai bar gidansu ba. Haka kuma an mayar da Barra ta koma Zainab. Sai dai a lura, ma'anar sunan ce ake dubawa a waɗannan ruwayoyi, ba sana'ar wani da ya riga ka amsa shi ba.

Ɗan Dilimi: Malam, in da sana'a tana bin suna, da ƙasar nan ta ga abin mamaki. Ibrahim Babangida biyu muka sani. Ɗaya janar ne da ya mulki Najeriya daga 1985 zuwa 1993, ɗayan kuma ɗan ƙwallo ne, ƙanen Tijjani Babangida, wanda ya rasu a haɗarin mota a hanyar Zariya a 2024, Allah Ya jiƙansa. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne, a watan Agustan 1993 da janar ɗin yake sauka daga mulki, takwaransa yana Japan cikin tawagar 'yan ƙasa da shekara 17, waɗanda suka doke Ghana suka ɗauko kofin duniya. Linzami ɗaya, doki ɗaya yana fita daga fada, ɗayan yana shiga da kofi. To ina linzamin ya nufa?

Hajiya Maman Sadik: Ni a fahimtata kun ɗauki maganar da nisa. Yadda na tashi na ji ana faɗarta, ma'anarta ita ce duk saurin da mutum yake yi, ko a tsakiyar kasuwar Farin Gada ne, da zarar an ambaci sunansa sai ya ja birki ya waiwayo, kamar yadda doki yake tsayawa in an ja linzami. Ku ba ni dama in ba ku labarin kakata, wadda muke kira Iya, don a bakinta na fara jin wannan magana.

Iya ta zauna a Gangare tun zamanin da haƙar kuza take ci, tana sayar wa lebura tuwo. Mijinta, kakanmu, sunansa Abubakar, mutumin ƙasar Bauchi ne, shi ya sa abokan fataucinsa suke ce masa Habu Bauchi. Shanu yake lodawa a jirgin ƙasa ya kai Ikko. Iya kuwa irin matan da ne masu alkunya, ba ta taɓa kama sunansa ba, Malam take ce masa, kuma duk wani Abubakar, ko Garba ne ko Buba ko Habu, a wurinta mai sunan Malam ne. A watan Janairun 1966, cikin azumi, Malam yana Ikko aka yi juyin mulki. Labarin kisan Sardauna a Kaduna ya fara isowa, Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa kuma aka ce ba a san inda yake ba. Ana gab da ƙaramar Sallah, Iya tana tuƙa tuwon buɗa-baki, sai wani yaron maƙwabta da ya saba raɓewa a shagon mai rediyo ya faɗo gidan da gudu yana cewa an tsinci gawar Abubakar na Bauchi a bakin hanya kusa da Ikko. Iya ta saki muciya cikin tukunya ta zauna a ƙasa.

Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne ba ta iya buɗe baki ta tambayi wane Abubakar ake nufi, domin tambayar ba ta yiwuwa sai an faɗi sunan. Sai cewa take yi, mai sunan wa, mai sunan wa, yaron kuma bai gane ba, yana ta maimaita abin da ya ji. Mata suka cika gidan, masu kukan Tafawa Ɓalewa suna yi, ita tana kukan mijinta, kowa yana zaton abu ɗaya ake yi wa kuka. Tuwon ya ƙone, ranar da ƙanzo aka sha ruwa. Sai bayan asuba wani dattijon maƙwabci ya fahimci inda aka samu saɓani, ya tsaya a bakin zaure ya yi mata bayani, amma ta ce ita ba za ta yarda ba sai ta gani da idonta. Bayan Sallah da 'yan kwanaki sai ga Malam ya yi sallama, da jakarsa a kafaɗa. Iya ta miƙe daga bakin murhu ta ce, da ƙarfi, a gaban kishiyarta da 'ya'yanta, Abubakar! Ta ce mana mutumin nan ya ƙame a tsakar gida kamar an dasa shi, ƙafa ɗaya a gaba ɗaya a baya, can ya ce ashe dama kin san sunana. Wannan ne karo na farko kuma na ƙarshe da ta kama sunan. In ta kawo nan a labarin sai ta ce, kun ga linzami ke nan. Har ta bar duniya, duk azumi sai ta yi sadakar ƙosai ta ce ladan ya kai wa mai sunan Malam da ke kwance a Bauchi, wai shi ya karɓar wa mijinta mutuwa.

Malam Na Gangare: Allah Ya jiƙan Iya, Ya karɓi sadakarta. Amma Hajiya, a yi mini afuwa, babu mai karɓar wa wani mutuwa, kowa da ajalinsa.

Hajiya Maman Sadik: Malam, an sha gaya mata haka, ita kuma ta sha cewa ta ji. Ƙosan dai bai fasa fita ba.

Tsohon Hedimasta: Labarin Iya ya tuna mini dalilin da ya sa manyanmu na farko suke ɗauke da sunayen garuruwa. A makarantun da, in aka tara yara daga lardi guda sai a samu Abubakar biyar a aji ɗaya, dole malami ya liƙa wa kowa garinsu. Tafawa Ɓalewa gari ne, Gumi gari ne, Shagari gari ne. Ku dubi Abubakar ɗin da suka yi zamani ɗaya. Ga Firayim Minista, wanda malamin makaranta ne tun farko. Ga Shaihu Abubakar Mahmud Gumi, Alƙalin Alƙalan Jihar Arewa, wanda ya samu lambar Sarki Faisal a 1987. Ga Abubakar Imam na Kagara, editan Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a 1939. Ga kuma Sarkin Musulmi Abubakar na Uku da ya shekara 50 a gadon sarauta, daga 1938 zuwa 1988. Mai son kare Kawu zai ce ai ga shi nan, duk sun yi halin Siddiƙu. Ni kuwa sai in tuna masa cewa mutumin da ya jagoranci ta'addanci daga dajin Sambisa shi ma Abubakar aka raɗa masa, da rago da goro kamar kowa. Albasa ba ta yi halin ruwa ba.

Ɗan Dilimi: Baba Hedimasta ya gama magana. Akwai wani da muka zaɓa wanda sunansa yake nufin riƙon amana, kuma rijiyar burtsatse ɗaya ya ƙaddamar mana sau biyu, har yau da jarka muke sayen ruwa. In suna linzami ne, nasa dokin ya daɗe da tsinke shi.

Yaya Bukuru: Kada ka manta da masu aron linzamin wasu. Da zarar zaɓe ya ƙarato sai ka ga fasta daga Terminus har Titin Bauchi, mutum ya sa jar hula, ya manna hoton Malam Aminu Kano a gefen nasa, alhali Malam ya rasu a 1983 bai tara abin duniya ba, shi kuwa mai fastar ko ƙofar gidansa talaka bai isa ya tsaya ba. Sunan Aminu ma ai ya ishe mu misali. Kano ɗaya ta fitar da Malam Aminu jagoran jam'iyyun NEPU da PRP, ta kuma fitar da Alhaji Aminu Ɗantata, attajirin da ya rasu a 2025 aka binne shi a Madina. Ɗaya ya yi suna da rashin tarawa, ɗayan ya yi suna da tarawa da bayarwa, kuma babu wanda za a ce bai amsa sunansa ba.

Malama Rifkatu: Ina gaishe da iyaye da yayye. Mu a nan Filato ko addini ma ba ka iya ganewa daga suna, balle sana'a, domin Musa da Ibrahim da Dauda da Yakubu suna coci suna masallaci. Janar Yakubu Gowon, wanda filin jirgin sama na Heipang yake ɗauke da sunansa, Kirista ne ɗan ƙabilar Ngas, ya riƙe ƙasar nan daga 1966 zuwa 1975. Wani Yakubun shi ya kafa masarautar Bauchi da tutar Shehu. Wani kuma, Aiyegbeni, ya ci ƙwallaye masu yawa a Ingila, amma abin da ba a mance masa ba shi ne wadda ya zubar a gaban raga, ba gola, a wasa da Koriya ta Kudu a 2010. Duk da haka ina ganin karin maganar tana da wata fuska da ba a taɓo ba. Mahaifina yakan ce da yayana, ka tuna sunan wa kake ɗauke da shi, kuma wannan kalma kaɗai ta sha hana shi abin kunya. Wato linzamin ba ya zaɓa maka hanya, yana dai riƙe ka in za ka faɗa rami.

Baban Husna: Malama, wannan ta shige ni. Amma me za a ce game da Muhammad Ali ɗan dambe? Da Cassius Clay ake kiransa, ya sauya suna a 1964, daga nan rayuwarsa ta juya gaba ɗaya, har ya ƙi zuwa yaƙin Biyetnam a 1967 aka ƙwace masa kambunsa. Wannan ba linzami ba ne?

Tsohon Hedimasta: Ɗana, ka sa keken a gaban doki. Ya ci zinare a gasar Olamfik ta birnin Rum a 1960 yana Clay, ya kuma doke Sonny Liston kafin a san shi da sabon sunan. Zuciyarsa ce ta fara juyawa, sunan ya biyo baya. Ga Muhammad Ali da ya mulki Masar tun daga 1805, soja ne, ga Muhammad Ali Jinnah, lauya, wanda ya kafa Pakistan a 1947, babu wanda ya taɓa sa safar dambe a cikinsu.

Ɗan Dilimi: Ni dai ban ga abin faɗa ba tun farko. Ahmed Musa haifaffen garin nan ne, a gasar kofin duniya ya zura wa Ajantina ƙwallo biyu a 2014, ya zura wa Iceland biyu a 2018, kuma mutane da yawa sun shaidi alherin hannunsa. In linzamin can zai ja yaron, a bar shi ya ja, Kawu ne ma zai fara zuwa Umara.

Baban Husna: Na karanta wa Musa duk abin da kuka rubuta, ya ce shi maganar Malama Rifkatu ya ɗauka. Kawu kuma na kai masa labarin Iya, ya yi dariya har da hawaye, sannan ya ce shi yana nan a kan bakansa. Sai dai da alama duk mun makara, domin matan gida ba su jira kowa ba. Mahaifin mai jego sunansa Ahmadu, saboda haka ba ta iya kama sunan, kuma tun da ranar Juma'a aka haife shi, kowa a cikin gida Ɗanjuma yake ce masa.

Yaya Bukuru: To madalla, ga wani takwaran ya samu. Janar Ɗanjuma na Takum ya riƙe rundunar sojan ƙasa daga 1975 zuwa 1979, ya yi ministan tsaro, ya kuma zama hamshaƙin ɗan kasuwar mai, sannan sunansa na tsakiya Yakubu, a ƙara a lissafin Malama Rifkatu. Baban Husna, ka koma wurin Kawu ka tambaye shi wanne daga cikin linzaman biyu za a riƙe.