Wanda aka dasa wa zuciyar wani, halin mamacin yana biyo ta?

Baban Halima: Salamu alaikum ƴan uwa. Jiya a majalisarmu ta Sabon Gari gardama ta kaure har shayi ya huce. Wani ya rantse wai duk wanda aka dasa wa zuciyar wani, halin mamacin yakan biyo ta: in marowaci ne ka koma marowaci, in ba ya salla taka ta yi rauni. Ni dai na ji ƙamshin gaskiya. Ba Annabi (SAW) ne ya ce akwai wata tsoka a jiki, in ta gyaru jiki duka ya gyaru ba?

Majo: Wa alaikumus salam, Alhaji. A wajenmu ma'aikatan lafiya zuciya famfo ce, tunani da tuna baya suna ƙwaƙwalwa. Lokacin dashe ma ana yanke jijiyoyin da ke haɗa ta da ƙwaƙwalwa, shi ya sa sabuwar takan buga da ɗan sauri ko mutum na kwance. Sauyin hali kuwa ana gani, amma a duba magani. Akwai irin su prednisone da ake sha don kada jiki ya ƙi baƙuwar, suna kawo saurin fushi da rashin barci da yawan ci. Kuma mutumin da ya leƙa kabari ya dawo, ai dole ya sake.

Malam: Hadisin ingantacce ne, Buhari da Muslim sun ruwaito shi daga Nu'umanu ɗan Bashir. Sai dai Alhaji, imani ba kaya ba ne da za a sauke daga wannan mota a ɗora wa waccan. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta zauna a Jidda a 1988, ta halatta ɗaukar gaɓa daga mamaci in shi ya yarda tun yana raye ko magadansa sun yarda, da sharaɗin ba ciniki. Da kafirci na bin tsoka, da ba su buɗe ƙofar ba.

Ɗan jami'a: Allah gafarta Malam, ba duka malamai suka yarda ba fa. Shehu Sha'arawi na Masar ya ƙi, ya ce jiki mallakar Allah ne, ba ka kyauta da abin da ba naka ba. Ga kuma hadisin cewa karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye.

Malam: Haka ne ɗana, akwai saɓani. Amma saɓaninsu kan halacci ne, ba kan hali ba.

Hajiya Babba: Ku bar ni in sa baki, tunda ni abin a ɗakina yake. Maigidana ƙodar ƙanensa ce a jikinsa, a Kano aka yi aikin. Ƙanen nan wuta ne, ko kaza ta ratsa gabansa sai ya yi faɗa. Yayan kuwa har yau ruwan randa. Abin da ya sauya gidanmu ba hali ba ne. Filinmu na hanyar Dan Issa ya tafi. Magani safe da dare, ba fashi, har ƙarshen rai, kuma da an rufe iyakar Nijar da Najeriya hankalina ya tashi. Jika da mura ba ya shiga ɗakin kakansa. Sannan matar ƙanen ta yi shekara ba ta gaishe ni da sakin fuska, tana ganin mun rage mata miji. Wannan ba wanda ya gaya mana kafin mu sa hannu.

Baban Halima: Allah ƙara masa lafiya, Hajiya. Amma ƙoda daban, zuciya daban.

Majo: Bambancinsu na gaske shi ne ƙoda biyu ce, mai rai na iya ba da ɗaya. Zuciya kuwa galibi ana ɗaukar ta ne daga wanda ƙwaƙwalwarsa ta mutu, na'ura na hura masa numfashi, jikinsa da ɗumi. In an cire ta, awa 4 zuwa 6 ake da su. Dashen zuciya na farko daga mutum zuwa mutum a Cape Town ne, 3 ga Disamba 1967, hannun Dakta Christiaan Barnard. Zuciyar wata budurwa ce mai shekara 25 da mota ta kaɗe tare da mahaifiyarta. Uban ya rasa mata da ƴa rana ɗaya, kuma shi aka tambaya, ya yarda. Wanda aka dasa wa ya yi kwana 18, ciwon huhu ya ɗauke shi.

Hajiya Babba: Wayyo, uban nan. Mu da in rai ya fita da hantsi, kafin azahar an kai mutum makwancinsa. Wa zai iya ce wa uwa a Maradi ta sa hannu alhali tana ganin ƙirjin ɗanta na motsi?

Ɗan jami'a: Kawu, to a 2022 a Amurka an dasa wa wani zuciyar alade, ya yi wata biyu. Shi halin wa ya ɗauka?

Baban Halima: Kai yaro, wata biyu ai bai isa a gane halin mutum ba. Malam, wannan ta aladen fa, mene ne hukuncinta?

Malam: An kira magariba. Ku bar ni in duba littafi tukuna.