Musayar Baiti: Wa Ya Raunana Harshen Dún Chaoin?

Malam Na-Zaure:
Jama'a, yau ƙasar Ayilan muka nufa. Dún Chaoin ƙauye ne a ƙurewar yammacin gundumar Kerry, cikin yankunan da ake kira Gaeltacht, inda har yanzu ake jin harshen Airish a gida. Turanci na cinye shi. Amsa-amonmu "na".

Dankali ya ruɓe a gona,
A 1845 aka fara ɓarna,
Miliyan guda yunwa ta kai su makwanta, 'yan'uwana,
Miliyan suka hau jirgi, ba su dawo ko da kwana,
Akasarinsu masu harshen ne, laifin yunwa ne a wajena.

Goggo Mai Carbi:
Malam, yunwa ta wuce, an koma gona,
Bokon da aka kafa a 1831 ya fi ta daɗewa yana ɓarna.
Ɗan itace a wuyan yaro, da igiya, ka ji mana,
Ya yi Airish a tsaga itacen, da yamma bulala ta yi magana.
Har iyaye da hannunsu ciki, shi ke ƙona raina.

Ɗan Auta:
Goggo, a yi musu uzuri, in kin yarda da zancena,
Ɗan da za shi Amurka, da wane baki zai nemi abincin rana?
Ga tsibirin Blasket can, daga ƙauyen ana hangen sa da rana,
1953 aka kwashe mutanensa, tumaki suka gaji gona.

Malam Na-Zaure:
Kai Auta, mutanen Dún Chaoin ba su miƙa wuya ba, saurara mana,
An rufe makarantar ƙauyen a 1970, suka ce ba su san zancen ba, ina!
1973 aka buɗe ta. Ga rediyon Airish tun 1972 yana magana,
Ga talabijin na Airish tun 1996, TG4 ake ce masa yanzu, dare da rana.

Goggo Mai Carbi:
Rediyo ba ya goyon yaro, Malam, bar ni da ganina.
Ƙidayar 2022 ta ce dubu 20 da ɗoriya ke yin Airish kullum rana,
A duk faɗin Gaeltacht fa, ba ƙauye guda nake nufi ba, ɗan'uwana.
Baƙi sun saye gidaje, sai lokacin hutu suke zuwa kwana,
Da hunturu tagogi duhu, ba hayaƙi, ba mai magana,
Ango da amarya sun rasa ɗaki, sai birni, haya, da ɓacin rana.

Ɗan Auta:
'Yan birni na zuwa koyon harshen, mako uku suke kwana,
Masu masauki su samu na cefane, Goggo, wannan ma a lissafa mana.