"Sarki goma, zamani goma": haƙuri ake ba talaka, ko gargaɗi ake wa mai mulki?

Ɗan Wunti: Assalamu alaikum. Jiya da yamma ina zaune da mahaifina a ƙofar gida, maganar ruwa ta taso. Akwai tankin da aka fara ginawa a unguwarmu, an kai shi rabi sai mulki ya canja hannu, waɗanda suka zo ko leƙa shi ba su yi ba. Har yau a hannun 'yan ga-ruwa muke saye. Na yi ta faɗa, Baba ya bari sai da na gama, ya ce: "Sarki goma, zamani goma." Da abin na kwana a raina. Wato duk wanda ya hau yana da damar watsar da aikin na baya, mu kuma mu ja bakinmu mu yi shiru?

Malamin Ƙofar Ran: Wa alaikumus salam. Ɗana, babanka bai ba kowa izini ba. Yadda muka taso muka ji ta, ana faɗa wa mutumin da ya nace sai an yi abu yadda aka yi jiya. Amma ka lura da ƙirgen da ke ciki. Mai maganar ya ga tara sun wuce, na kan gado kuwa ɗaya ne cikin goma. Malam Yakubu ya karɓo tuta daga Shehu, ya kafa garin nan na Bauchi, ya kewaye shi da ganuwa, ya tafi. A 1902 Turawa suka shigo Bauchi, su ma sun tafi. Kabarin Tafawa Balewa yana nan cikin gari, kowa na iya zuwa ya gani.

Goggon Jekadafari: Allah gafarta Malam, ban ƙi taka ba. Sai dai ni ban taɓa ganin wanda ya tsaya gaban mai mulki ya faɗa masa ita ba. Mu ake faɗa wa. Na daɗe ina koyarwa a firamare. Duk lokacin da aka rushe wani tsari da muka fara sabawa da shi, sai a rufe mana baki da wannan magana. Yaran da ke zaune a ƙasa ba za su jira sarki na goma sha ɗaya ba, girma suke yi.

Ɗan Bajoga: Ni a ganina zamani ne ke juya sarki, ba sarki ke juya zamani ba. Ga Burmi nan kusa da mu, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada a 1903. Hedikwatar masarautar Buba Yero ma daga Gombe Abba aka ɗauke ta zuwa Nafada a 1913, sannan zuwa Gombe Doma a 1919. A zamanin En'e, wato hukumar gargajiya, 'yan doka da kotun alƙali da gidan yari duk suna ƙarƙashin sarki. Lokacin Gowon aka karɓe su, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa sauran. Mu kanmu mutanen Gombe 'yan jihar Bauchi ne kafin 1996.

'Yar Yelwa: Baba Malam, a yi mini afuwa, zan ɗan sa baki. Gwamna ba sarki ba ne, kuma nan ne nake ganin karin maganar ta gaza. Sashe na 14 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce iko na jama'a ne, kuma tsaron lafiyarsu da jin daɗinsu shi ne babban dalilin kafa gwamnati. Wa'adin gwamna shekara huɗu ne, ba ya wuce sau biyu. A 2019 a nan Bauchi ƙuri'a ta sauke gwamna mai ci. Tankin Yaya Ɗan Wunti da kuɗin jama'a aka fara shi, ba da na wanda ya sauka ba, saboda haka babu zamanin da ya ƙare a kansa.

Malamin Ƙofar Ran: 'Yata, kin yi gaskiya a kan tankin. Amma kada ku ɗauka a da sarki ba shi da linzami. Akwai masu zaɓen sarki, akwai malamai da alƙalai da ke iya ce masa a'a. Kun san maganar da ake kawowa daga Shehu Usmanu, cewa mulki yana ɗorewa da kafirci amma ba ya ɗorewa da zalunci. Salo ne ke canjawa da sarki. Haƙƙin talaka ba ya cikin goman nan.

Goggon Jekadafari: To Malam, ku manya ku riƙa haɗa su biyun idan za ku faɗa mana. Idan aka kawo ta farko ita kaɗai, sanyaya gwiwa take yi.

Ɗan Wunti: Na karanta wa Baba duka bayan sallar isha'i. Ya ce shi bai hana mu motsi ba, ɗaga muryar da na yi a ƙofar gida ce bai so ba. Ya ce mu rubuta takarda, magidanta su sa hannu, shi da kansa zai raka mu wurin mai unguwa ranar Asabar, daga nan mu nemi kansila.